Baƙo a Cikin Aji: Tafiya da Kowane Ɗalibi a Makarantun Firamare na Sabon Gari da Samaru

Maƙalar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na malamai da masu nazarin ilimi, Samaru, Zariya

Tsakure

Maƙalar ta dubi ajin firamaren gwamnati a Ƙaramar Hukumar Sabon Gari, inda 'ya'yan ƙabilu da addinai daban-daban, da masu buƙata ta musamman, da 'yan talla, ke zama ƙarƙashin rufi ɗaya. Hujjarta ita ce hukumomi sun fi damuwa da yawan sunayen da ke cikin rajista, alhali yaro na iya yin shekara shida a aji bai taɓa jin cewa da shi ake yi ba. An waiwayi tarihin garin da dokokin da suka shafi lamarin, sannan aka tsaya a kan abin da ke hannun malamin aji: harshen koyarwa, wurin zama, bambancin addini, da rabon aiki tsakanin yara.

1.0 Gabatarwa



A watan Yunin 1994 wakilan gwamnatoci 92 da ƙungiyoyin duniya 25 suka taru a birnin Salamanca na ƙasar Sifaniya, suka amince cewa makarantar da sauran yara ke zuwa ita ce ta cancanci karɓar kowane yaro, ko makaho ne, ko gurgu, ko ɗan makiyayi, ko mai wani harshe daban. Nijeriya ta bi sahu a rubuce. Dokar Ilimin Bai-Ɗaya ta 2004 ta wajabta karatun firamare da ƙaramar sakandare kyauta. A Janairun 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda ta ce kowace makarantar gwamnati ta samu aƙalla ma'aikaci ɗaya da aka horar don kula da su, ta kuma ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen gwamnati yadda mai keken guragu zai iya shiga. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Wanda duk ya san makarantun unguwanninmu ya san inda aka kwana.

Ba na nufin ɗauke wa gwamnati nauyinta. Sai dai tarukanmu sun saba ƙarewa da kira ga gwamnati, kowa ya karɓi takardar shaidar halarta ya koma ajinsa yadda ya baro shi. Don haka na zaɓi in fi tsayawa a kan abin da malami ko hedimasta zai iya sauyawa ranar Litinin mai zuwa.

2.0 Garin da aka yanka wa baƙi

Jirgin ƙasa ne ya haifi Sabon Gari. Da layin dogo daga Baro ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da na Legas a 1912, sai Turawa suka buƙaci akawu da kafinta da maƙeri da direban jirgi. Yawancinsu daga Kudu suka zo. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta so su cuɗanya da mutanen Birni, sai aka yanka musu fili a hayin Kubanni, aka ware Tudun Wada ga 'yan Arewa da ba Zazzagawa ba, Turawa kuma suka keɓe a unguwarsu. Dokar birane ta 1917 ta ƙara wa wannan rabo ƙarfi. Amma kasuwa ta fi ƙarfin taswira. Tun da wuri Hausawa fatake da Nufawa suka zauna tare da Yarabawa da Ibo a layi ɗaya, Hausa ta zama harshen ciniki a bakin kowa.

Samaru kuwa ilimi ne ya tara ta: tashar binciken aikin gona ta 1922, sannan Jami'ar Ahmadu Bello da aka buɗe ranar 4 ga Oktoba, 1962. Kwalejin horar da matuƙa jirgin sama ta zo Palladan a 1964, ga kuma barikin soja a Basawa. Kowace cibiya ta zo da farfesa ko hafsa, ta kuma zo da lebura da maigadi da kuku, daga Binuwai da Filato da Kudancin Kaduna da ƙauyukan da ke kewaye. Titin Sakkwato kaɗai ya raba 'ya'yan da ke makarantar ma'aikatan jami'a da na Hayin Dogo da Ɗanraka, amma tazarar da ke tsakanin azuzuwansu ta fi faɗin titin nesa ba kusa ba.

Garin yana da tabo. An yi rikicin 1966. Rikicin Kafancan na Maris 1987, wanda daga harabar kwalejin ilimi ya tashi, ya iso Zariya. Na Zangon Katab ya iso a 1992. Na bayan zaɓe a 2011. Ranar 17 ga Yuni, 2012 aka kai harin bam babbar majami'ar Katolika da ke Sabon Gari. Ranar 7 ga Yuli, 2015 wani bam ya tashi a sakatariyar ƙaramar hukuma a Dogarawa, a tsakiyar ma'aikatan da suka yi layin tantancewa, cikinsu har da malaman firamare. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman, a littafinsa na 1987, ya nuna yadda masu neman mulki da dukiya ke juya addini don biyan buƙatarsu. Abin da ya shafe mu a nan shi ne abin da ke biyo bayan kowace tarzoma: mutane su tashi su koma unguwar da nasu suka fi yawa, mai hali ya kai ɗansa makarantar kuɗi ta 'yan addininsa. Makarantar gwamnati ta zama ta wanda ba shi da zaɓi. Duk da haka tana cikin wurare ƙalilan da suka rage inda ɗan mai faci Bahaushe da 'yar kofur Batibi za su zauna a benci ɗaya kafin wani ya gaya musu cewa bai kamata ba.

3.0 Suna a rajista

A Janairun 2016 gwamnatin Jihar Kaduna ta fara ciyar da 'yan firamare. Azuzuwa suka cika maƙil. Ba a daɗe ba aka fara kukan cewa yara da yawa suna zuwa ne su ci abinci, da an tashi tara sai su sulale. Mutane suka yi ta zargin iyaye. Ni a ganina yaran hujja suka kafa mana. A duk abin da makarantar ta tanada, abincin ne kaɗai suka tabbatar domin su aka kawo. Darasin da ya biyo baya da wani harshe ake yin sa, da 'yan gaba ake yin sa, ba wanda zai lura ko suna nan ko ba sa nan.

Masana halayyar ɗalibai sun daɗe da auna wannan. A 1993 Carol Goodenow ta fitar da ma'auni mai jimloli 18 da ake karanta wa ɗalibi a ji ra'ayinsa: ko yana jin malamai na mutunta shi, ko akwai babba ɗaya a makarantar da zai iya kai wa kuka, ko yana jin shi daban ne da sauran. Ta samu dangantaka mai ƙarfi tsakanin amsoshin da himmar yaro a karatu. Iyayenmu ma sun san haka ba tare da ma'auni ba, shi ya sa suke cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Gaskiya ne malaminmu na aiki cikin ƙunci. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma aji mai yara ɗari ba baƙon abu ba ne a nan. A 2017 gwamnatin jiha ta sallami malamai 21,780 daga cikin kimanin 33,000 da suka zauna jarrabawar gwaji, ta ɗebi sababbi. Ko me mutum ya ɗauka game da wannan mataki, jarrabawar ta auna abin da malami ya sani ne kawai. Ba ta tambayi ko ya san sunan yarinyar da ke zaune a ƙasa kusa da ƙofa ba.

4.0 Harshe

Tun 1977 Manufar Ilimi ta Ƙasa ta tanadi a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ya fi rinjaye a inda yake zaune, kafin a koma Turanci a aji huɗu. A ƙarshen 2022 gwamnatin tarayya ta ce a kai shi har aji shida. A Nuwamban 2025 Ministan Ilimi Tunji Alausa ya ba da sanarwar soke wannan, a koma Turanci tun daga tushe. Manufa ta yi gaba ta yi baya, malamin aji kuwa yana nan yana abin da ya saba: ya karanta jimla da Turanci, yara su maimaita da ƙarfi, ya fassara da Hausa in ya ga dama, ya rubuta a allo su kwafa. Yaro sai ya kai aji biyar da kyakkyawan rubutu bai iya karanta abin da hannunsa ya rubuta ba.

Abin takaici, a nan Zariya aka yi ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen ƙasar nan kan wannan batu. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da tallafin UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilimin firamare a jihohin Arewa, inda aka rubuta littattafai, aka koyar da Hausa a azuzuwan farko a yankunan da ta rinjaya, aka kuma tura masu horarwa suna bin malamai har cikin azuzuwansu. A daidai lokacin Farfesa Babs Fafunwa yana nasa gwajin a Ile-Ife, na koyarwa da Yarbanci shekara shida, kuma yaran da aka koyar haka ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin kansa.

To amma Sabon Gari ba Giwa ba ce, ba kuma Soba ba. A nan tambayar ita ce, harshen uwar wa? A aji ɗaya za a samu mai Fulatanci, da mai Yarbanci, da mai Ibo, da mai Bajju ko Idoma, da ɗan bariki wanda Turancin buroka ne harshensa na farko. Mafi yawansu suna jin Hausa, gaskiya ne, don da ita suke wasa a layi. Amma ɗan sojan da aka yi wa canjin aiki daga Fatakwal a watan jiya ba ya ji, kuma idan malama ta juya zuwa Hausa don ta taimaki masu rinjaye, shi ta rufe wa ƙofa. Akwai kuma iyayen da ke ganin koyarwa da Hausa wata hanya ce ta mayar da 'ya'yansu abin da ba su ba. Tarihin garin ya isa ya sa a saurari wannan tsoro da mutunci.

Abin da nake ba da shawara bai buƙatar sabuwar doka. A makon farko na zango malami ya tambayi kowane yaro harshen da ake yi a gidansu da waɗanda yake ji, ya rubuta a gefen sunansa. Wanda bai jin Hausa a zaunar da shi kusa da mai jin harsunan biyu, a kuma ba su izinin yin raɗa, kada a kira ta surutu. Sabuwar kalma, kamar ta lissafi ko kimiyya, a rubuta ta da Turanci da Hausa, a tambayi aji ko akwai mai sunanta da wani harshe. Minti ɗaya wannan zai ci, amma yaron da aka tambayi sunan abu da harshen kakarsa ya san an gan shi. Sannan a daina cin tara ko bulala a kan banakula. Hukunta yaro don ya yi maganar gidansu koya masa ake yi cewa gidansu abin kunya ne, kuma ban san wani bincike da ya nuna hakan na gyara Turanci ba.

Kurame ma suna da nasu rikicin harshen. Constanze Schmaling ta yi nazarin maganar hannu ta Hausa a Kano, ta wallafa littafi a kanta a 2000, ta nuna cikakken harshe ne mai ƙa'idojinsa. Makarantun kurame kuwa sun gaji maganar hannu mai asali daga Amurka. Yaron da ya zo da ta gida bai zo hannu rabbana ba, kuma sau da yawa akwai ɗan'uwansa ko maƙwabcinsa a makarantar da ya iya magana da shi.

5.0 Wa ke gaba, wa ke baya

A ajin da benci bai isa ba, ƙarfi da sammako ke raba wurin zama. Wanda ya makara shi ne a baya ko a ƙasa, kuma mun san masu makara: yarinyar da sai ta kai ƙosai ko koko kasuwa ta dawo, yaron da ya fara zuwa makarantar allo da asuba, wanda ya taho da ƙafa daga rugar da ke bayan Bomo. Malami kuma, ɗan Adam ne, da masu ɗaga hannu yake darasi. Kafin zango ya raba, an san 'yan baya, an sa musu suna daƙiƙai, su ma sun karɓa. Binciken Rosenthal da Jacobson na 1968 a Amurka, duk da sukar da aka yi wa hanyarsa, ya buɗe ƙofar nazarce-nazarcen da suka nuna cewa zaton da malami ke yi wa yaro yana shafar abin da yaron zai zama a ajin.

Cikin 'yan bayan nan akwai waɗanda lalurarsu ba ta fito fili ba. Gurgu kowa na ganinsa. Amma zabiya, wanda yawanci idonsa ba ya ganin nesa kuma hasken rana na damunsa, sai a ce ba ya kwafar aiki. Yaron da ciwon kunne ko sanƙarau ya rage masa ji sai a ce taurin kai gare shi. Mai sikila, a ƙasar da ta fi kowace yawan masu wannan ciwo a duniya, yana fashi ne don yana kwance, ya dawo a tare shi da bulalar fashi. Mai farfaɗiya in ta buge shi sai aji ya watse, saboda camfin cewa ana ɗauka ta yawu, alhali ba a ɗauka. Mai in'ina ya buɗe baki a yi dariya, daga ranar ya rufe. Har bahago ana dukan hannunsa.

Gwajin gani bai fi a rubuta haruffa a allo a sa kowane yaro ya karanta daga bangon baya ba. Gwajin ji bai fi a tsaya bayan yaro a kira lambobi a hankali ba. Wanda aka gano, gaba ne wurinsa na dindindin, a kuma sanar da iyayensa su kai shi asibiti. Sauran layuka su riƙa juyawa duk mako, ta yadda ba mai gadon baya. Wajen tambaya kuma, Mary Budd Rowe ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai ba sa jiran amsa fiye da kimanin daƙiƙa ɗaya, kuma idan suka jira uku, amsoshi na ƙara tsawo, yaran da ba sa magana su fara. Ga yaron da sai ya juya tambaya zuwa Hausa ko Fulatanci a zuciyarsa kafin ya amsa, wannan jira shi ne bambancin shiga darasi da zama ɗan kallo.

Al'adarmu ta san masu lalura, har ta naɗa musu Sarkin Makafi da Sarkin Guragu. Ta ba su matsayi, amma a gefe, kuma ta haɗa su da bara. Makarantar makafi ta Gindiri, wadda aka buɗe a 1953, da makarantun musamman da suka biyo ta sun yi aiki babba, sai dai ba za su taɓa ɗauke yaran kowace unguwa ba. Mafi yawan masu lalura ko dai suna makarantar unguwa ko suna gida.

6.0 Addini da sunan da ake kiran yaro

Sashe na 38 na Tsarin Mulkin 1999 ya hana a tilasta wa ɗalibi koyon addinin da ba nasa ba ko shiga ibadarsa. A Yunin 2022 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa ɗalibai mata Musulmi 'yancin sa hijabi a makarantun gwamnatin Legas. Ƙa'idar ɗaya ce, kuma tana kare Kirista a Hanwa kamar yadda take kare Musulma a Legas. Inda ake samun matsala shi ne ƙananan abubuwa: addu'ar taron safe da kullum ɓangare ɗaya ke yi, ko lokacin darasin addini a ce wa 'yan tsiraru su fita, su yi ta gararamba a rana don ba malaminsu. Yaron da ake fitarwa sau biyu a mako ya fahimci saƙon.

Sai kuma baki. Arne, nyamiri, aboki, malo, ɗan ƙauye, bagidaje: yara daga gida suke zuwa da su, amma a aji suke gane ko an yarda da su. In malami ya ji ya yi shiru, ya sa hannu ke nan. In shi da kansa yake kiran yaro "kai Bafillace" ko "ke 'yar Ibo" don bai koyi sunansa ba, to ya gama raba ajin. Wasan barkwanci tsakanin ƙabilu al'ada ce mai kyau tsakanin tsara, amma daga malami zuwa yaro ɗan shekara bakwai ba wasa ba ne, don yaron ba shi da ikon ramawa.

7.0 Darasi daga makarantar allo

Mun saba ambaton tsangaya a matsayin matsala, kuma bara da duka da rashin kula matsaloli ne na gaske. Amma ta fuskar dabarar koyarwa akwai abin dubawa. A makarantar allo ba a cewa kowa ya buɗe shafi kaza. Kowane yaro da allonsa, a inda ya tsaya, ba ya wankewa sai ya iya, kuma ba a kiran sa wanda ya faɗi don wani ya riga shi. Malam ɗaya na riƙe yara masu yawa saboda gardi na biya wa ƙolo. Makaho na zama a da'ira ɗaya da masu gani, ya haddace, har ya zama alaramma. Shirin da ƙungiyar Pratham ta Indiya ta yaɗa, wanda ake raba yara gwargwadon abin da suka iya karantawa na awa ɗaya ko biyu a rana ba tare da duba ajinsu ba, kusan wannan hikimar ce aka tsara ta a takarda.

Haɗarin raba yara bisa iyawa shi ne rukunin ƙasa ya zama sabon bencin baya. Maganinsa a riƙa sake gwaji a kai a kai, yaro ya ga yana matsawa, sauran darussa kuma a cakuɗa su. A 1971, a birnin Austin na Amurka, bayan an haɗa yara farare da baƙaƙe da 'yan asalin Meziko a makarantu ɗaya faɗa ya yi yawa, Elliot Aronson ya raba aji ƙungiya-ƙungiya, ya ba kowane yaro guntun darasi wanda sai da shi sauran za su ci jarrabawa. Yaron da ake yi wa dariya ya zama wanda dole a saurara. A ajinmu, darasin sana'o'in Zariya ya isa misali: 'yar mai awara ta san lissafin riba, ɗan makiyayi ya san cututtukan shanu, ɗan makanike ya san sassan inji, ɗan ma'aikacin reluwe ya san tashoshin da ke tsakanin Zariya da Kano. Haka ma muƙamin monita da mai share allo da mai rabon littattafai, a riƙa zagayawa da su.

8.0 Abin da mai duba makarantu zai ƙirga

Malami na yin abin da ya san za a tambaye shi. Jami'in da ke zuwa daga ofishin ilimi na ƙaramar hukuma yana duba rajista, da kundin tsara darasi, da littafin sa hannun malamai. Ina ba da shawarar a ƙara masa aiki na minti talatin: ya zauna a bayan aji da taswirar wurin zama, ya sa alama a kan duk yaron da malami ya kira da sunansa ko ya ba dama ya yi magana. Daga nan ya ɗauki sunaye biyar na waɗanda suka fi fashi a watan, ya tambayi malamin dalilin kowanne. In malamin bai sani ba, kwamitin gudanar da makaranta, wanda ke da mai unguwa da iyaye mata da liman ko fasto a cikinsa, shi ya dace ya je gidajen.

Ga Tsangayar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello kuma, ɗalibanta na fita koyon aikin koyarwa a makarantun Samaru da Basawa da Sabon Gari kowace shekara. Ana iya mayar da ma'aunin Goodenow zuwa Hausa da Turancin buroka, a gwada ingancinsa, a ba su su karanta wa 'yan aji huɗu zuwa shida a keɓe, ba a gaban malaminsu ba, a rarrabe amsoshin ta jinsi da harshen gida da lalura da layin da yaro ke zama. Sakamakon a fara kai wa hedimastocin makarantun da aka yi aikin a cikinsu kafin a kai shi mujalla.